Tartsatsin bakin batir da rabin makamashin da ke ɓacewa

Duk wanda ya taɓa ɗaura batir a jikin inbata, na'urar da ke mai da wutar batir irin wutar gida, ya san wannan ƙarar. Ka ɗaure wayar farko lafiya lau, ka kawo ta biyu, kafin ta gama zama a mazauninta sai ka ji ƙas, shuɗin tartsatsi ya tashi. In ka duba bakin tagullar za ka ga ɗan rami baƙi kamar inda gara ta ci. A nan Kasala ta ƙasar Sudan wannan aiki ya zama na kullum. Tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 wutar gwamnati ta koma yau akwai gobe babu, gari kuma ya cika da baƙi, sai mai gida da mai shago da mai lambu kowa ya juya ga hasken rana.

A wani lambun ayaba da ke gefen kogin Gash muke, ni da ɗan ƙanwata da ke koyon aiki a hannuna, ranar da ya yi mini tambayar da ta jawo wannan rubutu. Shi ne ya riƙe wayar. Da tartsatsin ya tashi sai ya ja da baya, ya dubi makunni, ya dube ni.

"Kawu, ai inbatar a kashe take. To me ya ja wutar?"

Na ce masa kafasita ce, ma'ajiyar cajin lantarki, wadda masu gyaran fanka ke kira kwandansa, mutanen kasuwar nan kuma su ce mukassif. A bakin kowace inbata akwai jerin manyansu a ciki, kuma kafin a kawo batir wayam suke. Da zarar waya ta taɓa, sai su kwankwaɗi caji a lokaci guda. Amsar gaskiya ce, amma rabin labarin ke nan. Sauran rabin sai da muka koma shago na nuna masa a kan teburi, domin abu ne da ya daɗe yana ɗaure wa ɗaliban kimiyya kai, ba masu koyon sana'a kaɗai ba.

Na ɗauko kafasita biyu iri ɗaya, kowace girmanta maikrofarad 10,000, wato farad 0.01. Na cika ɗaya zuwa bolt 40, na bar ɗayar babu komai. Makamashin da ke cikin kafasita ana lissafa shi ne da rabin girmanta, sau bolt ɗinta, sau bolt ɗin kuma. Rabin 0.01 sau 40 sau 40 ya ba da jul 8, jul kuwa shi ne ma'aunin makamashi. Na sa ya rubuta 8 da alli a jikin teburin. Sai muka haɗa su, kai da kai, gindi da gindi, ta cikin wata 'yar resista, abin da ke rage gudun lantarki da turjiyarsa. Bayan daƙiƙa kaɗan mita ta nuna kusan bolt 20 a kowace. Wannan bai ba shi mamaki ba, abu ɗaya aka raba biyu. Na ce ya sake lissafi. Rabin 0.01 sau 20 sau 20, jul 2. Biyu ne, jimla jul 4. Ya rubuta 4 kusa da 8, ya yi shiru.

Cajin bai ragu ba. Abin da ya fita daga ta farko shi ne ya shiga ta biyu, ko ƙwaya ɗaya bai zube a hanya ba. Amma makamashin ya ragu da rabi cif. Kuma doka ce da kimiyya ta tsaya a kanta tun tsakiyar ƙarni na 19, cewa makamashi ba ya ɓacewa, sai dai ya sauya kama. To ina jul huɗun?

Kafin a nemi inda suka tafi, ya kamata a gane dalilin da ya sa dole su tafi, domin a nan ne yawancin bayani ke yin tuntuɓe. Na fita da shi bayan shago, inda muke da durom biyu na ruwan da mai amalanken jaki ke kawo mana. Ka ɗauka ɗaya cike yake har baki, a ce tsayin ruwan mita ɗaya, ɗayan kuma babu ko ɗigo. Ka haɗa gindinsu da tiyo. Ruwa zai yi ta tafiya har su yi kai ɗaya, kowane a rabin mita. Yawan ruwan bai canza ba. Abin da ya canza shi ne tsayin da yake zaune. Da farko tsakiyar nauyin ruwan yana santimita 50 daga ƙasa, yanzu yana santimita 25. Ruwan nan gaba ɗayansa ya sauko, kuma duk wanda ya taɓa ɗaga bokiti ya zuba a tanki ya san cewa ruwan sama ya fi na ƙasa tsada. Bokitin farko a ƙasa-ƙasa ake zuba shi, na ƙarshe sai an kai shi har baki. Haka kafasita take. Cajin farko yana shiga da sauƙi, na bayansa sai an tura shi a kan turjiyar waɗanda suka riga shi, shi ya sa makamashi ba ya bin bolt kafaɗa da kafaɗa. In bolt ya ninka biyu, makamashi ya ninka huɗu. Lokacin da muka haɗa kafasitocin nan, rabin cajin da ke sama, wanda aka fi shan wahalar shigar da shi, shi ne ya gangaro ya zauna a ƙasan ɗayar. Gangarowar nan ita ce jul huɗun.

Saboda haka tambayoyi biyu ne aka cakuɗa. Nawa za a rasa, da kuma ina zai je. Ta farko an gama yanke ta tun kafin waya ta taɓa waya. Girman kafasitocin da tazarar bolt da ke tsakaninsu su kaɗai ke da ta cewa. Ƙa'idar ita ce: ka ninka girman ta farko da na ta biyu, ka raba da jimlarsu, ka ɗauki rabin abin da ka samu, ka ninka da tazarar bolt sau biyu. A namu, 0.005 ne, rabinsa 0.0025, sau 40 sau 40, jul 4. Ka lura babu waya a cikin wannan lissafi, babu makunni, babu resista.

Yaron bai yarda ba, kuma na ji daɗin da bai yarda ba.

"Kawu, resistar ce ta cinye. Na taɓa ta, da ɗan ɗumi. A cire ta a sa waya mai kauri mana."

Hujjarsa mai ƙarfi ce. Tun 1841 James Joule na Ingila ya nuna cewa zafin da waya ke fitarwa ya dogara ga turjiyarta da kuma yawan lantarkin da ke ratsa ta, ninki a kan ninki. In an rage turjiya, ai zafi ya kamata ya ragu. Mu bi lissafin a hankali. Resistar da muka sa turjiyarta om 100 ce. A farkon haɗawa bolt 40 ke tura ta, sai kwararar lantarki mai amfiya 0.4 ta bi, zafin da take fitarwa wat 16. Daga nan kwararar ta yi ta raguwa, cikin rabin daƙiƙa ta sauko ƙasa da kashi 40 cikin 100 na farkonta, bayan daƙiƙa biyu da rabi kusan an gama. In aka tara zafin daga farko zuwa ƙarshe, jul 4. Yanzu a sa ta om 1. Kwararar farko amfiya 40, zafi wat 1,600, amma duk abin ya ƙare cikin lokacin da ya gaza na farko sau ɗari. Ƙarfi ya ninka ɗari, lokaci ya ragu sau ɗari, jimla jul 4. A sake ragewa sau ɗari, a takarda za a ga amfiya 4,000 na ɗan ƙiftawar da ido ba ya kamawa, kuma jimlar tana nan daram. Waya mai kauri ba ta rage asarar. Gajarta lokacinta take yi, ta kuma ƙara mata zafin rai.

Mun gwada. Na sake cika ta farko, na sauke ta biyu, muka haɗa da guntun kebul irin na batir. Ƙas. Mita ta sake nuna kusan 20. A wannan karon babu resistar da za a taɓa a ji ɗumi. Zafin ya rabu tsakanin tartsatsin, da bakin tagullar da ya ƙone, da kebul ɗin, da kuma cikin kafasitocin kansu, domin kowace tana da 'yar turjiyarta a ciki, a takardar alminiyom da ruwan sinadarin da aka naɗe ta da su. Wannan na ƙarshe mutane kan manta da shi, alhali idan waya gajeriya ce mai kauri, kaso babba a can yake ƙarewa.

Jul 4 ba wani abu ba ne. Da za a zuba shi a cokalin shayi na ruwa, ko kashi ɗaya cikin huɗu na digiri ɗaya ba zai ɗumama shi ba. Amma a tara shi a wuri kamar tsinin allura, cikin ɗan lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba, ya isa ya narkar da tagulla, wadda sai ta kai digiri 1,085 take narkewa. Ramin da ke bakin wayar shaida ne.

Saura tambayar da ta fi wuya. A ce an samu waya marar turjiya ko kaɗan, da makunnin da ba ya tartsatsi, da kafasita marar aibi. Irin wannan waya ba tatsuniya ba ce, tun 1911 aka gano a Leiden ta ƙasar Holan cewa wasu ƙarafa kan rasa turjiyarsu gaba ɗaya in an sanyaya su matuƙa. To a nan ina rabin zai je?

Mu koma wajen durom. Siririn tiyo yana sa ruwa ya bi sannu-sannu, gogayya ta cinye ƙarfinsa, ya tsaya cak da ya yi kai ɗaya. Amma ka haɗa su da ƙaton bututu. Ruwan zai taho da gudu, kuma sa'ad da ya yi kai ɗaya ba zai tsaya ba, domin yana da saurin da ya ɗauko. Zai wuce ya hau ɗayan durom ɗin, ya dawo, ya koma, kamar lilo. A daidai lokacin da tsayin biyu ya zo ɗaya, rabin makamashin da muke nema bai ɓata ba, yana cikin gudun ruwan. Lantarki ma yana da irin wannan nauyin gudu. Duk wayar da lantarki ke bi tana kewaye kanta da maganaɗisu, kuma maganaɗisun nan ba ya yarda kwarara ta tashi farat ɗaya ko ta tsaya farat ɗaya. Don haka idan turjiya ta yi ƙasa sosai, kafasitocin ba sa zama a bolt 20. Suna wucewa: ta farko ta sauka har sifili, ta biyu ta hau 40, sannan a juyo. A tsakiyar kowane zuwa da dawowa, jul huɗun suna cikin maganaɗisun da ke kewaye da wayar. Da kafasitocinmu da waya mai kamar mita ɗaya, wannan kai-kawo zai faru sau dubu biyu da 'yan kai a daƙiƙa ɗaya.

Wannan ba sabon sani ba ne. Kafasita ta farko, kwalbar da aka sani da sunan garin Leiden, an ƙirƙiro ta tsakanin 1745 da 1746. A 1842 Joseph Henry na Amurka ya lura cewa in kwalbar nan ta sauke cajinta, lantarkin kai-kawo yake yi, kuma a 1853 William Thomson, wanda daga baya aka sani da Lord Kelvin, ya fitar da lissafin da ya nuna yaushe za a yi lilo, yaushe za a gangara sau ɗaya a tsaya.

Amma lilon ma ba ya ɗorewa har abada, ko da babu turjiya. Cajin da ke kai-kawo yana watsa igiyoyin lantarki da maganaɗisu cikin sarari, irin waɗanda rediyo ke kamawa. Heinrich Hertz ya tabbatar da su a Jamus a 1887, kuma da tartsatsi ya yi. Kowane zuwa da dawowa yana aika ɗan makamashi waje, ba ya dawowa, har lilon ya mutu a bolt 20, jul huɗu kuma sun bar ɗakin. Na nuna masa gefen wannan da tsohuwar rediyon shago, wadda muke jin sashen Hausa da ita da asuba. Na murɗa ta zuwa matsakaicin zango inda babu tasha, muka sake tayar da tartsatsin. Rediyon ta yi ƙarat a daidai lokacin, ba tare da wata waya ta haɗa su ba.

Sai dai a nan ina da ja da wasu masu bayani, waɗanda da an yi tambayar sai su ce ai rabin ya tafi a igiyar rediyo, su rufe magana. A teburin shago ba haka ba ne. Kewayen waya mai mita ɗaya da ke lilo sau dubu biyu a daƙiƙa eriya ce marar kirki ƙwarai, abin da take watsawa bai taka kara ya karya ba. Ƙarar da rediyo ta kama ɗan ƙyas ne daga cikin jul huɗun, sauran duk zafi ne, da ɗan haske da ɗan sauti. Igiyar rediyo tana karɓar kaso mafi girma ne kawai idan an toshe sauran ƙofofin. Haka kuma wanda ya ce turjiyar waya ce sanadi bai kai ƙarshen zancen ba. Turjiya ƙofa ce da asarar ta bi ta fita. Sanadin shi ne an haɗa abu biyu masu tazarar bolt kai tsaye. Matsalar da ta sa ake ganin abin kamar sihiri ita ce zanen littafi, inda ake zana kafasita biyu da layi a tsakani, a ce layin ba shi da turjiya, ba shi da maganaɗisu, ba ya watsa komai. Irin wannan layi babu shi a duniya, kuma lissafin da aka ɗora a kansa dole ya cije.

To me wannan ya ƙara wa mai sana'a? Abubuwa masu yawa, kuma saboda su na damu da maganar.

Batir kamar kafasita ce da girmanta ya wuce misali, bolt ɗinsa ba ya motsi don an ɗebi ɗan caji. In aka sa haka a ƙa'idar da na kawo, sai ta ce: duk kafasitar da aka cika kai tsaye daga batir, abin da aka rasa a hanya daidai yake da abin da ta ajiye. A ce kafasitocin bakin inbata sun kai farad 0.01, batirin kuma bolt 50, kamar irin na litiyom da ake sa wa tsarin bolt 48. Za su ajiye jul 12.5, wani jul 12.5 kuma ya ƙone. Ba za ka hana shi ƙonewa ba, amma kai ne za ka zaɓi inda zai ƙone. Ko a bakin wayarka da cikin makunni da fis, ko a jikin resistar da aka yi ta don ta sha zafi. Shi ya sa kafin in ɗaure wayar ƙarshe nake fara taɓa ta ta cikin resista mai om 50. Kwararar farko amfiya ɗaya ce tak. Bayan daƙiƙa ɗaya da rabi kafasitocin sun kai kashi 95 cikin 100, tazarar da ta rage bolt 2.5. Tazara ta ragu sau 20, don haka abin da zai fashe in na ɗaure wayar ya ragu sau 400. Ba ka jin komai. Batiran litiyom ma sun fi buƙatar haka, domin allon da ke tsaron su yakan ɗauki wannan kwankwaɗar farko a matsayin wayoyi biyu sun haɗu kai tsaye, ya yanke wuta, mai gida ya zaci an sayar masa da mataccen kaya. Yawancin motocin lantarki suna da irin wannan resista da ke shiga kafin babban makunni ya rufe.

Akwai kuma hanyoyin rage asarar kanta, ba sauya mata wuri kawai ba. Tunda tazara ce ake ninkawa sau biyu, a rarraba tazarar. Ka cika kafasitar nan daga sifili zuwa 25, sannan daga 25 zuwa 50. Kowane mataki ya ci jul 3 da ɗan ɗori, jimla 6.25, rabin na da. Mataki goma, kashi ɗaya cikin goma. Sannu ba ta hana zuwa, a nan har riba take kawowa.

Hanyar da ta fi burge ni ita ce a mai da lilon nan bawa. A sa naɗin waya a tsakani da gangan, a ƙara dayod, wadda ke barin lantarki ya bi gefe ɗaya kawai. Cajin zai taho, ya wuce tsakiya da gudunsa, ya tare gaba ɗaya a kafasita ta biyu, sa'ad da zai juyo kuma ya tarar da ƙofa a rufe. Kusan duk jul takwas ɗin sun ƙaura, sai ɗan abin da waya da dayod suka ci. Wannan dabara ce ke cikin cajar waya da kuma na'urar daidaita caji ta MPPT da muke sawa tsakanin farantin hasken rana da batir. Duk wanda ya buɗe ta zai ga zoben nan mai nauyi da aka naɗe da jar waya. Shi ke karɓar makamashi a maganaɗisu ya miƙa shi gaba, sau dubbai a daƙiƙa, har a iya sauko da bolt ba tare da an rasa fiye da 'yan kaso kaɗan cikin ɗari ba.

Inda ba a iya sa naɗin waya ba, ana biyan kuɗin. Cikin ƙwaƙwalwar wayar hannu akwai biliyoyin ƙananan makunnai, kowane yana cika wata mitsitsiyar kafasita yana sauke ta. A kowane cikawa rabi ya zama zafi, a kowane saukewa ɗayan rabin ya bi shi. Ɗumin da kake ji a bayan waya in ta daɗe tana aiki, kaso mai yawa daga nan yake. Dalilin da ya sa masu ƙera su suka sauko daga bolt 5 na da zuwa kusan bolt 1 ke nan, domin ragin sau biyar a bolt ragin sau 25 ne a asarar kowane kunnawa. A manyan tashoshin rarraba wuta ma, inda ake da rukunin kafasitoci, shigar da wani rukuni kusa da wanda ke cike yana jawo irin wannan kwarara mai tsanani, sai a sa naɗin waya ya tare ta, ko a saita makunni ya rufe a daidai lokacin da tazarar bolt ta kusa sifili.

Abu ɗaya na ja masa kunne a kai kafin mu rufe shago. Gwajinmu a bolt 40 muka yi shi. Inbatar famfon ruwa da ta na'urar sanyaya ɗaki suna riƙe bolt 325 ko fiye a cikinsu, kuma suna iya riƙe shi bayan an cire wuta. Maikrofarad 1,000 a wannan bolt ya haura jul 50. Na sha ganin yara suna sauke irin wannan da sukundireba, su ji daɗin ƙarar. Wanda ya yi haka ya zaɓi makamashin ya ƙone a bakin ƙarfen da ke hannunsa, da cikin kafasitar da yake so ya gyara, in kuma yatsa ya zame, a jikinsa.

Washegari muka koma lambun don ƙara batir na biyu. Kafin in yi magana ya ɗauko mita ya auna tsohon, ya auna sabon, ya ga akwai tazara tsakaninsu, ya ce a bari su zo kai ɗaya tukuna. Da lokacin ɗaura inbatar ya yi, ya zaro resistar daga aljihun rigarsa, ya dafa ta tsakanin waya da ƙusa, yana ƙirga ɗaya zuwa biyar a hankali, sannan ya ɗaure.